Abin da Baƙin Mai Ya Rufe

Ranar Litinin alƙali ya tsayar da magana: Alhaji Maharazu zai yi rantsuwa da Alƙur'ani ranar Alhamis da safe. Jafaru yana zaune a bencin baya lokacin da aka faɗi haka, kuma tun daga wannan sa'a abinci ya daina shiga masa.

Maharazu yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dillalin motoci ne a Daura. Yakan sayi motocin da ake saukewa a Kwatano, a biyo da su ta Nijar, a shigo da su ta Mai'adua. Shi kuwa Jafaru gyaran jikin mota ne aikinsa, guduma da walda da fenti, a wani gareji da ke bakin hanyar Katsina. Duk motar da ta iso sai ta kwana biyu a hannunsa kafin a kai ta filin sayarwa.

Akwai dalilin haka. Motocin nan daga ƙasashen sanyi suke fitowa, inda ake zuba gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Gishirin yakan laƙe a ƙarƙashin mota ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Don haka Jafaru yakan shiga ƙarƙashi ya wanke, ya kankare, ya ƙwanƙwasa ko'ina da ƙaramar guduma yana sauraro, sannan ya fesa baƙin mai, wato tsohon man inji, har ya rufe ƙarfen duka. Man yana hana ruwa da iska taɓa ƙarfe. Duk masu gyara haka suke yi.

Abin da ya bambanta Maharazu da sauran dillalai shi ne takardar garanti. Da hannunsa yake rubuta wa mai saye cewa idan cikin wata shida tsatsa ta bayyana wadda aka sayar da motar da ita, zai karɓi abarsa. Ban da wadda mai mota ya jawo da kansa. Sauran dillalai suna yi masa dariya, shi kuwa yakan ce, "Ku ba ku da Jafaru."

A watan Maris ya sayar wa Hajiya Zinariya ta Sandamu wata doguwar mota mai faɗin baya. Hajiya 'yar kasuwa ce, tana saro kanwa da gishirin dabbobi a Mai'adua tana sayar wa masu kiwo. A watan Agusta, suna dawowa daga kasuwa cikin yayyafi, ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ta hagu ya ɓalle daga jikin motar. Allah ya sa direban ba gudu yake yi ba. Ta kawo takardarta, Maharazu ya ce ai kanwarta ce ta cinye motar. Magana ta kai kotu. Hajiya ba ta da shaidu, don haka rantsuwa ta koma kan wanda ya musa. Maharazu ya nemi a kira Jafaru, alƙali ya ce ba zai karɓi shaidar mutum a kan abin da shi ma yake da amfani a ciki ba.

Ke nan babu wanda zai tambayi Jafaru komai. Da an tambaye shi, da ya fi masa sauƙi.

Ya tuna sarai ranar da ya duba motar a watan Maris. Yana kwance a ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa gefen hagu na baya, ƙarfen ya amsa da wata murya marar daɗi, ɓarɓashi ya zubo masa a fuska. Ya yi niyyar yanke wurin ya ɗora sabon ƙarfe, amma ranar babu wuta. Ana cikin haka Maharazu ya iso da wasu dillalai biyu, ya tsaya cikin farar rigarsa ya ɗaga murya.

"Jafaru, yaya amaryar tamu?"

A gaban baƙi, ƙane ba ya gaya wa yayansa cewa ya yo ruɓaɓɓen ciniki. Jafaru ya amsa daga ƙasa, "Lafiya lau take, Yaya."

Ya kankare wurin, ya ninka masa mai, ya gaya wa kansa cewa Daura ƙasa ce busasshiya, tsatsa za ta kwanta ta yi barci. Ya ce gobe zai faɗa wa Yaya idan sun keɓe. Kafin goben an sayar da motar. Bayan mako ɗaya maganar ta yi nauyin faɗa, bayan wata ɗaya ta fi ƙarfin bakinsa.

Duk da haka yana da sauran fata. Mai yiwuwa kanwar ce da gaske. Ranar Talata da safe ya rufe gareji ya hau acaɓa zuwa Sandamu.

Ya tarar da motar a ƙofar gidan Hajiya, ƙarƙashin darbejiya, an tallafe bayanta da duwatsu. Ya yi sallama, ta fito da mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, mai guduma ne? An turo ka leƙen asiri?"

"Ba wanda ya turo ni, Hajiya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Yaya yayan naka mai takarda? Yana nan yana wasa haƙora?"

"Yana gaishe ki."

"Ƙarya kake, amma na amsa. Zauna a kawo maka ruwa."

Bai iya zama ba. Ya roƙi izinin duba motar, ta miƙa masa makulli tana cewa ai gawa ba ta ƙin wanka. Ya buɗe baya ya ɗaga shimfiɗa. Ƙarfen ƙasan ya yi fari-fari da kanwa, ga jar tsatsa ta bi ko'ina, har da ramuka uku da yatsa zai shiga. Zuciyarsa ta ɗan saki.

"Hajiya, ba kwa shimfiɗa tamfol kafin ku loda?"

"Tamfol kuma? Wa ya gaya min?"

"Kanwa in ta jiƙe ruwanta cin ƙarfe yake yi. Ana shimfiɗa tamfol, kuma a wanke wurin duk ranar da aka sauke kaya."

"To da yayanka ya rubuta wannan a takardar tasa mana. Na gaya masa da bakina kanwa zan ɗauka. Ko ya ɗauka auduga nake sayarwa?"

Jafaru ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Ya jira idonsa ya saba da duhun. Man da ya fesa yana nan, ya haɗu da ƙasa ya zama baƙar fata mai kauri. Ya bi inda ruwan kanwa ya ɗigo daga ramukan nan, ya auna da hannunsa. Tsakanin wurin da inda ƙarfen ya ɓalle akwai fiye da taƙi biyu, kuma a tsakani ƙarfen lafiyayye ne.

Ya sa sukundireba ya ɓamɓare man a bakin karayar. Tsatsar kanwa ja ce, sabuwa, daga sama take ci tana gangarowa. Wannan kuwa baƙa ce, ta yi hawa-hawa kamar ɓawon albasa, daga ƙasa ta ci ta haura. Irin wannan ba ta yin haka cikin damina ɗaya. A gefe ya ga layukan da burushin ƙarfensa ya bari a watan Maris, suna nan kamar jiya ya yi su.

Ya ɓallo wani yanki kamar faɗin yatsa biyu, ya naɗe a takarda ya sa a aljihu. Ya daɗe a kwance kafin ya fito.

"Me ka gano?" in ji Hajiya.

"Na ga tsatsa."

"Wannan ai ko makaho ya shafa zai gani."

Ta bi shi da kallo yana goge hannu. Da ta sake magana, babu wasa a muryarta.

"Ka ga kujerar can ta baya? Jikata Sumayya ce a kai ranar, daidai kan tayar. Ban faɗa a kotu ba, don ba tausayi na je nema ba. Ni abin da ya yi min ciwo, mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce ni na kashe motata sannan na zo ina neman cutarsa. Shekara talatin ina kasuwa ba a taɓa gaya min haka ba. In ya dafa littafin Allah ya rantse, shi ke nan, na bar masa. Ni na huta. Shi da mai littafin su ƙarata."

Jafaru ya yi mata sallama. A hanya ɗan acaɓa yana ta ba shi labarin yadda gero ya yi kyau bana, bai ji ko rabi ba.

Ranar Laraba bayan la'asar ya tafi filin motoci. Maharazu yana zaune kan tabarma a inuwar rumfa shi kaɗai, yana jan carbi. Jafaru ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a gefen tabarmar, ba a kai ba.

"Yaya, jiya na je Sandamu."

"Na ji. Garin nan ba a ɓoye tafiya. Ka ga aikin kanwa ko?"

"Na gani. Bayan duk ya huje. Sai dai..."

"Kar ka fara. Na san abin da ya kawo ka. Kawu ya zo, liman ya zo, kowa cewa yake a yi sulhu. Sulhu a kan me? In na karɓi motar nan yau, gobe wanda ya ɗauki taki zai dawo da tasa, jibi mai fata. Takardar tawa ta zama abin wasa."

"Ba sulhu nake nufi ba."

"To me?"

Hannun Jafaru yana cikin aljihu, yana jin kaifin ƙarfen ta cikin takarda. Ya buɗe baki. Maharazu ya riga shi, kuma wannan karon a hankali ya yi magana.

"Ka san Baba bai taɓa yarda mu rantse ba, ko a kan gaskiya. Kwana biyu ke nan ina jin maganarsa a kunnena. Ba abin wasa ba ne mutum ya dafa Alƙur'ani. Amma ni hankalina kwance yake, ka san dalili? Ban taɓa shiga ƙarƙashin mota ba tunda nake. Ban san ƙarfe mai kyau da marar kyau ba. Kai ne idona. Shekara tara ba ka taɓa ce min lafiya ba ta zama akasin haka. Ranar nan na tambaye ka gaban mutane, me ka ce min?"

"Na ce lafiya lau take."

"To shi ke nan. Me kuma ya rage?"

Wata mota ta tsaya a bakin fili, mutum biyu suka fito suna sallama. Maharazu ya miƙe yana murmushi, ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Ka zo da wuri gobe. Ka sa rigar kirki, ba wannan mai warin fenti ba."

Jafaru ya tafi gida yana lallashin kansa da abu ɗaya. Ya sha jin cewa a kan aibin da ke ɓoye, alƙali yakan sa mai sayarwa ya ce "a iya sanina". In haka ne, Yaya ba zai yi ƙarya ba, domin da gaske bai sani ba. Zunubin zai tsaya a kan Jafaru shi kaɗai, ya je ya yi ta istigfari. Ya san Hajiya za ta tafi da zargin da ba nata ba. Ya ture wannan tunanin gefe, ya sake dawowa, ya sake turewa.

Ranar Alhamis kotun ta cika, har da masu leƙe ta taga, domin ba kullum ake rantsuwa ba. Hajiya Zinariya tana zaune a ɓangaren mata, ta haɗa hannuwa a kan cinya. Jafaru ya sami wuri a benci na uku. Ya sa rigar kirki kamar yadda aka ce masa, amma ya mai da ƙullin takardar cikin aljihunta.

Alƙali dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta takardar garanti a fili, ya maimaita abin da kowane ɓangare ya faɗa, sannan ya dubi Maharazu.

"Alhaji, har yanzu kana kan bakanka?"

"Ina kai, Allah ya gafarta Malam."

"Ka san nauyin abin da za ka ɗauka? Wanda ya ci haƙƙin wani da rantsuwa, ba a nan maganarsa take ƙarewa ba."

"Na sani."

"To je ka yi alwala."

Masinjan kotu ya miƙa masa buta. Maharazu ya cire hula da agogo ya fita tsakar gida. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin zubar ruwan a kan siminti. Jafaru yana ƙirga gaɓoɓin a zuci ba da son ransa ba: hannu, baki, hanci, fuska. Gumi ya jiƙa masa baya. Na kusa da shi ya raɗa masa, "Malam, lafiya?" Ya gyaɗa kai.

Maharazu ya dawo gemunsa yana ɗigar ruwa. Magatakarda ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa, ya ɗora a kan tebur da hannu biyu.

Alƙali ya ce, "Tunda wurin da ake magana a kai ɓoyayye ne, shari'a ta yi maka sauƙi. Za ka ce ka sayar da ita, kuma a iya saninka babu wannan aibi a jikinta."

Jafaru ya saki numfashi.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Maharazu, "ba na son sauƙin. In na ce a iya sanina, gobe a kasuwa za a ce Maharazu ya bi ta ƙofar baya. Kuma takardata ba ta ce a iya sanina ba. Zan rantse kai tsaye cewa ranar da na sayar da ita babu wannan tsatsa a jikinta."

"Ka shiga ƙarƙashinta ka gani?"

"Wanda ya shiga ya fi ni gani."

Alƙali ya ce, "Kai ka zaɓa. Matso."

Maharazu ya matsa. Ya goge tafinsa na dama a jikin riga, ya ɗaga shi.

"Yaya, kar ka taɓa!"

Jafaru bai san lokacin da ya miƙe ba. Kowa ya juyo. Masinja ya yi tsawa a zauna, alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Wane ne?"

"Jafaru ne, Allah ya gafarta Malam. Ƙanensa."

"Na gaya muku ranar Litinin ba zan karɓi shaidarka ba."

"Ba taimakonsa na zo yi ba. Kaina na kawo ƙara."

Ya fito gaba. Ya kwance takardar ya ajiye yankin ƙarfen a ƙarshen tebur, nesa da Alƙur'ani. Bai dubi yayansa ba. Ya faɗi komai bi da bi: yadda ƙarfen ya amsa guduma a watan Maris, da rashin wuta, da baƙin da suka zo, da amsar da ya bayar, da man da ya ninka. Ya nuna gefen da ke da man da ya fesa, ya juya ya nuna hawa-hawan baƙar tsatsar da ke ƙarƙashinsa.

"Ramukan bayan mota aikin kanwa ne, wannan gaskiya ne. Amma inda ya karye, kanwa ba ta kai can ba. Da wannan tsatsa motar ta zo. Na gani da idona, na rufe da hannuna. Yaya bai sani ba. Jiya ma na je in gaya masa na kasa."

Alƙali ya ɗauki ƙarfen ya jujjuya, ya murza gefensa, ɓarɓashi ya zubo a kan takarda.

"Wancan karon na ƙi maganarka don za ta amfane ka. Wannan kuwa kai take ci. Alhaji Maharazu, ka ji abin da ya faɗa?"

Hannun Maharazu yana nan a sama, kamar ya manta da shi. A hankali ya sauke shi ya mai da bayansa, ya ja da baya taku biyu daga teburin.

"Na ji." Ya yi gyaran murya. "Ba zan rantse ba. Na karɓi motata kamar yadda na rubuta." Ya juya wajen mata, idonsa a ƙasa. "Hajiya, na faɗi abin da ba haka ba a kanki gaban jama'a. Ki yafe min."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji ta. "Ramukan baya kuwa nawa ne, ban musa ba. A duba, a gaya min abin da ya hau kaina."

Magatakarda ya ɗauke Alƙur'ani ya mai da shi mazauninsa.

A waje rana ta take. Mutane suna fita suna kallon Jafaru ta gefen ido, wasu dillalai biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ya san kafin magariba duk masu mota a Daura za su ji cewa ya rufe tsatsa da mai. Ya tsaya jikin katanga yana jira.

Maharazu ya fito daga ƙarshe, yana ɗaura agogo. Ya tsaya gabansa.

"Jiya mu biyu ne a rumfa."

"Haka ne, Yaya."

"Ka bar ni na yi alwala. Ka bar ni na ɗaga hannu."

Jafaru ya sunkuyar da kai.

"Da na taɓa fa?"

"Shi ne abin da na kasa gani."

Maharazu ya dubi tafin hannunsa, ya rufe shi. Daga masallacin bakin hanya aka fara kiran azahar.

"Gobe ka je Sandamu ka jawo ta. Motoci uku da ke fili ma ka kwashe su zuwa gareji, ka wanke man duka. Zan zo da tsohuwar riga, ka nuna min inda ake ƙwanƙwasawa."

"To, Yaya."

"Ni ina da alwala. Kai nemi buta."

Ya juya ya nufi masallaci bai jira shi ba. Jafaru ya ari butar masinja, ya tsuguna a gindin katanga ya fara wanke hannu, yana sauri don kada a tayar da salla bai shiga sahu ba.